Yadda Sunana Ya Ja Baya a Kumasi

Tun da na dawo daga ƙasar Gana aiki ya tsaya a shagona. Duk wanda ya kawo garma ko ƙyauren ƙarfe a yi masa walda, sai ya ja benci ya zauna, ya ce shi ba sauri yake yi ba, a fara ba shi labarin Kumasi. In gaya wa na safe, in gaya wa na azahar, kafin la'asar labarin ya yi ƙiba, har wani ya zo yana ba ni shi, wai an ce na yi wa Turawa dubu lacca suna ta kuka. Don kada abin ya wuce haka, ga shi na rubuta. Inda na ƙara gishiri, ku da kuka san ni za ku gane.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Tukur Lawal, mai walda a Funtuwa, kan hanyar Bakori. Ɗiyar yayata, Nafisa, a hannuna ta tashi tun rasuwar mahaifinta. Ita ce ta yi nisa a karatu har take neman digirin dakta, a kan wani abu da sai da na yi wata uku kafin na yarda ba siddabaru ba ne: aika saƙo ta cikin haske. Na'urori ne guda biyu, kowace kamar ƙaramar tukunya mai idon gilashi ɗaya. Ka ɗora ɗaya nan, ɗaya can, su kalli juna. Hasken yana ƙiftawa da saurin da idon mutum ba ya kamawa, a cikin ƙiftawar nan magana da hoto da rubutu suke wucewa. Sharaɗinsa kada komai ya gifta, kada kuma ɗayarsu ta kau da kai.

A wani ƙauye kusa da Tsiga ta gwada shi, daga rufin siton ƙungiyar manoma zuwa ƙaramin asibitin da ke tsallaken fadama. Da igiyar waya za a binne, sai an haƙa gonakin mutane da yawa, kuma kun san manomin masara a kan kunya ɗaya ta gonarsa. Ni na ƙera ƙarafan da na'urorin suke zaune a kai. Abu ya yi kyau, sai dai kullum da hantsi yana yankewa, ranar Alhamis kuma ya ƙi gaba ɗaya. Nafisa da malaminta suka yi ta lissafi suna zargin zafin rana. Ni kuwa wata Alhamis na jingina da bangon siton ina shan rake, sai na ji haƙorana suna kaɗawa. Ashe injin niƙa ne a bayan bangon. Mata na niƙan tuwon Juma'a, bango na rawa, ido na kauce wa ido. Na yanko tsohuwar tayar tarakta na yi wa ƙarfen shimfiɗa hawa uku, na danne shi da ƙarfen birkin mota. Daga ranar bai sake yankewa ba.

Da ta rubuta takardar binciken sai ta ce dole sunana ya shiga tare da nata da na malaminta. Yaya Hajara, mahaifiyarta, da zancen ya kai mata can garin Ƙarfi, ta ce wannan ba abin shawara ba ne, yarinya ba ta sa sunanta a gaban na kawun da ya riƙe ta. Malamin ya ce wa Nafisa ta sake tunani, ta ce ta gama tunani. Haka aka aika, sunana a gaba. Da aka gayyace mu taron masana a Kumasi, wasiƙar da sunana a sama ta zo. Na sa aka yi mata gilashi na rataye a shago. 'Yan majalisar bakin shagona suka fara kirana Farfesa, ni kuma ban hana ba.

Nafisa ta so mu hau jirgi, mu bar ƙarfen mu tafi da hotonsa. Na ce hoto ba ya nuna kyan walda. Ƙarfen nan kuwa nauyinsa ya kusa na ɗan maraƙi, don haka muka bi ƙasa. Maƙwabcina Emeka mai kayan babur, haifaffen Funtuwa wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta, shi ya buga wa ɗan'uwansa a Legas ya kama mana kujeru a motar Akara. Kwana biyu muka yi kafin Legas, akwatin na'urorin da ƙarfen yana ƙarƙashin ƙafata, gwiwoyina suna gaisawa da haɓata. A Lakwaja na ci kifin da ya fi hannuna tsawo, a Ibadan aka ba ni amala da miyar da ta sa na tuna zunuban da na manta. Duk inda muka tsaya, Nafisa ce mai ɗebo mini ruwan alwala, ni kuwa ina gaya wa fasinjoji cewa taro aka kira ni, wannan ɗiyata ce, ta rako ni. Ba ta taɓa gyara mini ba.

A kan iyakar Seme aka duba fasfo da katin allura, sannan aka zo kan akwati. Jami'in ya buɗe, ya ga idanu biyu na gilashi suna kallonsa, ya ja da baya ya tambayi ko mene ne. Bayanin baki ya ƙi shiga, sai Nafisa ta ce bari ya gani. Ta ɗora ɗaya a kan teburinsa, ɗaya a kan benci, ta haɗa batir da 'yar lasifika, ta karɓi wayata. Abin da ke kusa a wayar kuwa saƙon murya ne da Yaya Hajara ta aiko da asuba. Sai ga muryarta ta cika ofishin, ta taho ta cikin haske, tana cewa in kula da yarinyar nan, kada in tsaya surutu da mutanen da ban sani ba, kada in ci abin da zai ɓata mini ciki. Na cire hulata na tare hasken. Yaya ta yi shiru a tsakiyar kalma. Jama'a, shekara hamsin ina neman yadda zan yi haka.

Jami'in ya yi dariya har da dafa bango. Ya kira abokan aikinsa, kowa ya zo ya sa hannu ya katse Yaya, ya janye ta ci gaba daga inda take. Direbanmu yana ta danna ham a waje. A iyakar Togo aka maimaita, a ta Gana ma haka, har na ƙware ina yin bayanin da hannu ga masu Faransanci. Ina jin babu jami'in da ke tsakanin Legas da Akara da bai san cewa cikina ba ya son baƙon abinci ba.

Kwatano garin babura ne, sun fi na Dandume ranar kasuwa yawa, sai dai masu tuƙa su duk riga iri ɗaya suke sawa. Burodinsu dogo ne kamar ƙotar fartanya, taurinsa ma kusan haka. A Lome teku yana gefen titi, ba katanga ba komai, mutane na wucewa ko kallonsa ba sa yi. Na ce da a wajenmu ne, da tuni wani ya ja shi da injin ban-ruwa ya shuka tumatir.

A Akara muka kwana a unguwar Hausawa, gidan wani dattijo mai sayar da goro wanda ya ce kakansa daga Malumfashi ya zo da ƙafa. Ya tambaye ni wata tsamiya da kakan yake ba su labari, na ce tana nan lafiya, ko da yake ban san ta ba. Da safe aka kawo koko da ƙosai, irin namu sak, na ji kamar a gida. Da rana aka kawo shinkafa da wake a cikin ganye, aka ɗora mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, abincin gida huɗu a kwano ɗaya. Tuwonsu kuwa mai laushi ne, wanda a wajenmu mara lafiya ake dama wa. Na tambaya ko akwai mai jinya a gidan, aka ce a'a, don ni aka yi.

A motar Kumasi ne tafiyar ta juya. Kusa da ni wata mata ce mai furfura da tabarau, ta ji muna Hausa ta sa baki. Sunanta Dakta Efuwa, a zangon Kumasi, unguwar Hausawa, ta tashi, taronmu ɗaya za mu. Na tambayi aikinta. Ta ce ita takardun masana take bi, amma ba abin da ke ciki ya dame ta ba, sunayen take karantawa: wa ya rubuta, wa ke gaba, wa ya ambaci aikin wa, wa aka manta. Na ce a garinmu ma akwai masu wannan aikin, sai dai ba a ba su albashi, bakin shagona suke zama. Ta yi dariya sosai, muka saba.

Da motar ta tsaya a hanya, Nafisa ta sauka yin sallah, sai na zaro takardarmu na miƙa mata da alfahari. Ta duba sunayen, ta tambaye ni wa ya tsara gwajin, wa ya yi lissafin, wa ya rubuta. Na ce Nafisa, Nafisa, Nafisa, ni kuma taya. Ta cire tabarau ta goge. Sannan ta yi mini bayani a hankali kamar mai gaya wa mutum rasuwa. A al'adar masana, sunan farko na wanda ya ɗauki nauyin aikin ne, ba na babba ba. Idan wani ya zo ambaton takardar a tasa, sunan farkon kawai yake rubutawa, ya ce da sauransu. Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini. Ashe daftarin da aka fara sakawa a intanet har wasu sun ambace shi, ga shi nan ɓaro-ɓaro: Lawal da sauransu. Shekara huɗu na yarinyar nan, da hawa rufin sito, da zazzaɓin da ta kwasa a fadama, duk sun shige cikin sauransu.

Ta ƙara da cewa makarantu da yawa ba sa ba da digirin dakta sai ɗalibi ya kawo takardar da sunansa ke gaba. Ta tambaye ni ko Nafisa tana da wata. Na ce ban sani ba. Ban taɓa jin kunyar faɗin wannan kalmar kamar ranar ba.

Nafisa na dawowa na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce babu. Ta ce ba komai, za ta yi wani binciken, shekara biyu ne kawai. Na ce aikin koyarwar da ake jiran ta kawo digiri a ba ta fa? Ta ce Allah zai kawo wani. Tun daga Funtuwa ta san haka, tana ɗebo mini ruwan alwala, ina ce wa mutane ta rako ni. Daga nan har Kumasi ban yi magana ba, direban ma sai da ya waiwayo ya tambaya ko lafiya.

Dakta Efuwa tana cikin masu shirya littafin taron. Ta ce ana iya gyara jerin sunayen har zuwa ranar rufewa, amma sai mu ukun mun sa hannu. Malamin Nafisa ya riga mu isa, ya ce shi tun tuni alƙalaminsa a buɗe yake. Nafisa ce ta ƙi. Na yi lallashi, na yi wasa, na yi fushin ƙarya, ta ce Inna ta riga ta yi magana.

Masaukinmu a cikin jami'ar yake, ɗaki mai famfo biyu, ɗaya na sanyi ɗaya na zafi, kuma da na zafin na fara gaisawa. Washegari Asabar na fita in sha iska in yi tunani, sai na tarar da rumfuna, da kiɗa, da mutane cikin ja da baƙi suna rawa, ana raba lemo. Na ce to ga biki. Na bi layi ina musabaha, ina murmushi har kunne, ina yi musu barka da Hausa, ina addu'ar Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Sai da na kai ƙarshen layin na ga hoton wata tsohuwa an yi masa ado da furanni. Jana'iza ce. Wani ɗan zango da ya ji ni ya ja ni gefe yana dariya, ya ce kada in damu, tsohuwar ta haura casa'in, da tana raye ita za ta fi kowa dariya. Na ce a wajenmu kafin a gama kafa rumfar nan an binne mutum an dawo, ya ce su kuma sai sun yi wata suna shiri. Aka ba ni lemo biyu.

Ranar da za a gabatar da takardarmu, mai gabatarwa ya kira sunana, don shi ke gaba. Na hau da babbar riga. Ba dubu ba ne, gaskiya, za su kai sittin, Turawan ciki kuma ba su fi biyar ba. Na yi sallama, na gaishe su da gajiya, na tambayi iyali, har mai kula da lokaci ya fara duba agogo. Sannan na tattara ɗan Turancin da nake sayen ƙarfe da shi a Kaduna, na ce musu ni maƙeri ne, mai aikin ga ta can a zaune, ta taso. Na sauka na bar ta ba yadda za ta yi.

Ban taɓa jin Nafisa tana magana a gaban mutane ba. A gida sai ka matsa kusa kake jin muryarta. A nan kuwa ta yi minti ashirin ba ta duba takarda ba, tsofaffi masu sanƙo suna rubuta abin da take faɗa. Da aka zo tambayoyi, wani ya tambayi dalilin da ya sa tayar ta zama hawa uku ba biyu ba. Ta juyo ta kalle ni. Na tashi na amsa da Hausa tana fassarawa: biyu tana barin rawa ta wuce, huɗu kuma ƙarfen yana lilo in an yi iska. Mutumin ya rubuta. Bayan an tashi suka kewaye ƙarfen suna shafa waldar, na ce ai na faɗa, hoto ba zai yi ba.

Ranar rufewa na kai ta ofishin Dakta Efuwa, malamin yana zaune, takardar gyara tana kan tebur. Na ce a goge sunana gaba ɗaya a huta. Dakta Efuwa ta ce ba da hannunta ba.

"Alhaji, rabin rayuwata neman irinku nake yi," in ji ta. "Masu ƙira, masu tuƙi, masu tafinta, waɗanda aka yi aiki da su ba a rubuta su ba. Na samu ɗaya an rubuta, ka ce in goge?"

Ta ce a al'adarsu manya a ƙarshe suke zama. Na ce to a kai ni can. Malamin ya ce ya yi shekara talatin kafin ya samu wannan kujerar, in yi haƙuri. Aka ajiye ni a tsakiya. Ya sa hannu, na sa hannu. Nafisa ta riƙe alƙalami ta tsaya.

"Kawu, da wane ido zan kalli Inna?"

"Uwarki ta ce kada ki wuce ni saboda na riƙe ki, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ni da na riƙe ki, don ki tsaya a bayana na riƙe ki? Ranar da na kai ki aji ɗaya a kan keke, ni ko sunana ban iya rubutawa da kyau ba. Tun ranar nake jira ki wuce. Sa hannu, Nafisa. Ba roƙonki nake yi ba."

Ta sa. Hawaye ya ɗiga a kan takardar, Dakta Efuwa ta ce ba komai, zai bushe.

A dawowa ba wanda ya buɗe akwatin, jami'an suna ganina suke tambayar lafiyar cikina. Ni kuwa abin da ke damuna zuwa Ƙarfi ne. Mun isa da hantsi muka tarar da Yaya Hajara a tsakar gida tana ɓarzar masara a tabarma. Bayan gaisuwa da tsarabar atamfa, na yi ta kewaye-kewaye, na ba da labarin teku, na ba da na jana'iza, har ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, ta san ni. Na faɗa mata duka, har da shekara biyun da aikin da Nafisa ta kusa rasawa. Na ce ni na tilasta mata, in da faɗa ni za a yi wa.

Ba ta ɗago ba. Ta tambayi me ya sa ba wanda ya gaya mata tun farko. Sannan ta tambayi yadda za a riƙa ambaton takardar yanzu. Nafisa ta yi mata bayani cewa masana ba sunan mutum na yanka suke ambata ba, sunansa na biyu suke ɗauka, nata kuwa na mahaifinta ne. Ta buɗe wayarta ta karanta a hankali.

"Sani da sauransu."

Shekara ashirin da rasuwarsa, kuma ko yana raye Yaya ba ta taɓa kama sunan mijinta da bakinta ba. Hannunta ya tsaya a kan masarar. Ta tambaya ko har a ƙasashen da ba su san shi ba haka za su riƙa rubutawa. Nafisa ta ce e, duk wanda ya yi amfani da aikin.

Yaya ta ja bakin mayafinta ta gyara, ta ɗauki wata masarar.

"Sake karantawa," in ji ta.